Wa Zai Tuƙa Inna Zuwa Ɗanzomo

Inna Husainatu ba ta taɓa kiran sunan Malam Hudu ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, cikin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ya yi aikin malamin gona a ƙaramar hukuma har ya ajiye, furfura ta cika masa gemu, amma har yau in tana son wani abu a wurinsa sai ta faɗa wa matarsa Ummu Salma, ko ta faɗa wa iska, muddin ta san yana kusa. Sunansa a bakinta “wancan”.

Wata safiya a tsakiyar damina, yana zaune a tsakar gidansu na Gumel yana shan koko, sai Inna ta ce wa Ummu Salma an yi mata waya daga ƙauye. Hassana, wadda aka haife su tagwaye, idanunta sun yi rauni, ɗanta Bilal kuma ya ce da zarar an gama kaka zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa a Damagaram. Inna ta gyara zaman ƙafarta, ta ƙara da cewa wanda ya kai shekarunsu, in ya haye iyaka, sai dai kuma a haɗu a lahira. Ba ta dubi inda Hudu yake ba. Shi ma bai ɗago kai daga kwanonsa ba, amma saƙo ya isa.

Rabon tagwayen da ganin juna an daɗe. Ƙauyen Hassana yana bayan Ɗanzomo, inda titi yake ƙarewa yashi ya karɓa. Gwiwar Inna ta hagu ta sandare, ba ta lanƙwasuwa, saboda haka babu maganar babur, balle motar haya da ake cusa mutum biyu a kujerar gaba. An taɓa gwada ƙaramar motar mijin jikarta Rayhana, ƙafar ta ƙi shiga. Ko da ta shiga ma, motar ƙasa-ƙasa ce, yashin farko zai riƙe ta. Waya kuma ba ta kashe musu ƙishirwa, don a tare suke magana, a tare suke yin shiru, kowacce ta ajiye tana cewa ɗayar ta kurumce.

A bayan gidan, gindin darbejiya, akwai tsohuwar Fijo akori-kura ta marigayi mahaifin Hudu, wadda ya yi shekaru yana kai gero kasuwar Maigatari da ita. Tun rasuwarsa take ɗore a kan duwatsu. Kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki, bayanta ya zama ma'ajiyar itacen girki, Ummu Salma kuma tana shanya kuɓewa a kan murfin injin. Bayan la'asar Hudu ya je ya zagaya ta, ya ja ƙofar da ƙyar ta buɗe, wani ƙadangare ya fito ya ba shi wuri. Mota ce mai tsayi daga ƙasa, an san ta da cin yashi. Ya daɗe a tsaye yana dubanta, sannan ya koma ciki ya ce wa Ummu Salma ta nemi wani wurin shanya.

Washegari ya kirawo abokinsa Manu mai walda. Tare suka yi firamare. Manu Bafillace ne, Hudu kuwa jinin Mangawa, saboda haka ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Manu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa bodin, tsatsa ta zubo masa a hula.

“Bamange, wannan ai sai dai mu yi mata salla mu binne,” in ji shi.

“Kai da aka yaye da sanda a bayan saniya, ina ka san mota? Kawo wutarka kawai, abin da na nuna maka shi za ka liƙe.”

Hudu ba bakanike ba ne, amma ya sha kwance taraktocin noma a zamanin aikinsa, kuma mutum ne da ba ya gaggawa. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a inuwa, duk abin da ya kwance sai ya jera shi bi da bi, daga hagu zuwa dama, don in an zo mayarwa a bi sahu. Ƙananan notuna yana zuba su a gwangwanayen tumatir. Ya hana kowa ratsa tabarmar, sai kaji ne suka ƙi jin doka. Ɓeraye sun cinye wayoyi, zanzaro ya gina gida a bututun iska, tankin mai ya cika da laka. Ya wanke abin da ke wankuwa da kananzir, abin da ya mutu ya sa a buhu ya tafi da shi Kano, ya bi 'yan gwangwan rumfa-rumfa har ya samo irinsa. Manu kuma ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasan motar ya liƙa sabo, yana yi yana cewa duk ladan aikin nan nasa ne.

Gero ya fara fitar da kai ranar da suka gwada tayar da ita. Ta yi tari ta mutu. Ta sake yin tari. Hudu ya gyara wani abu a jikin kafireta, ya ce bismillahi, ya murɗa. Injin ya kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, kaji suka watse har kan katanga. Ummu Salma tana ɗakin Inna a lokacin. Ta ce tsohuwar ta ajiye carbinta ta kasa kunne, can ta ce, “Muryar nan na san ta.” Da aka gaya wa Hudu, ranar har magariba yana goge gilashi.

Suka yi mata farin fenti irin wanda take da shi a da, aka sa tayoyi, aka gyara birki. Saura babban aikin, wato wurin zaman Inna.

Akori-kura gidan gaba kawai gare ta, da doguwar kujera ɗaya mai cin mutum uku, giyarta kuma a jikin sitiyari take. Gidan bai da zurfin da miƙaƙƙiyar ƙafa za ta shiga. Hudu ba shi da halin auna ƙafar mahaifiyarsa, sai ya roƙi Rayhana. Ita ce 'yarsa ta uku, ungozoma ce a wani asibitin sha-ka-tafi, kuma tsakaninta da kakarta wasa ne ba dare ba rana. Ta je shafa mata man zafi, ta ɓoye zare a hannu ta auna daga ƙugu zuwa diddige, ta ƙulla ta kawo wa ubanta.

Da wannan zaren ya yi ta gwaji a cikin motar, har ya gano ƙafar ba za ta shiga ba sai a karkace. Sai ya sa Manu ya yanka doguwar kujerar, aka fitar da wurin mutumin tsakiya. Aka yi wa Inna kujera tata ita kaɗai, an ɗan juya ta tana fuskantar ɓangaren direba, da wani katako mai soso da zai tallafi ƙafar har tsakiyar mota. A bakin ƙofa aka liƙa matakala, a sama aka sa mariƙi. Hudu ya zauna ya miƙe ƙafarsa ya gwada, ya tashi ya rage nan ya ƙara can, har sai da ya ji babu inda yake tokare mutum.

An fara yankan gero ranar da aka fito da Inna ta gani. Ta zo da sandarta, Ummu Salma na riƙe da ita. Ta shafa jikin motar, ta yi wa mai ita addu'a. Ta taka matakalar, ta kama mariƙi, sai ga ta zaune, ƙafa ta kwanta a kan katako kamar dama can wurinta ne. Ta ce wa Ummu Salma ba laifi. Hudu ya ji daɗi, ya zagaya da sauri ya buɗe ƙofar direba ya zauna, da niyyar ya ɗan zaga da ita unguwa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce wa Ummu Salma ta kama ta ta sauka, ta tuna ba ta ba akuyarta dusa ba.

Hudu ya ɗauka soson ne ya yi tauri, ya kwance ya ƙara wani. Ya ce ko warin fenti ne, ya karɓo kasko ya turara motar da turaren wuta har ta koma kamar ɗakin amarya. Aka sake fito da Inna. Ta hau lafiya, ta zauna lafiya, yana kama ƙofar direba ta ce rana ta yi zafi, a mai da ita ɗaki.

Ya dawo tsakar gida ya zauna, ya tambayi Ummu Salma ko ta lura da abin da yake damun Inna a kujerar. Tana tsintar shinkafa, ta ajiye faifan, ta yi ta ƙoƙarin danne dariya.

“Malam, tun da na zo gidan nan, ka taɓa ganin Inna ta zauna tabarma ɗaya da kai? To ka ɗauko ta ka sa a akwati ɗaya da kai, ka juya ta tana kallon fuskarka, ƙafarta tana nuna ka, wai daga nan har Ɗanzomo.”

Sai a lokacin Hudu ya gane. Ya tuna komai game da gwiwar, ya manta da mai gwiwar. Can shi ma ya fashe da dariya, ya ce wato da ya bar kujerar yadda take, da wani ya zauna a tsakaninsu an wuce wurin. Ummu Salma ta ce haka ne, sai dai da ƙafar ba ta shiga ba. Ya kawo shawarar a rataya labule a tsakiya. Ta ce labule ba zai hana Inna sanin wanda ke bayansa ba, shi kuma zai hana shi ganin hanya.

Aka shiga neman direba. Ƙanin Hudu yana aiki a Fatakwal, ba zai samu zuwa ba. Manu ya ce a ba shi, Hudu ya ce ko baro ba zai danƙa wa Bafillace ba, balle uwarsa. Gaskiyar maganar kuwa Manu bai taɓa tuƙa abin da ya wuce babur ba. Baƙon namiji kuma Inna ba za ta zauna tana fuskantarsa ba. Ana cikin haka aka yi waya daga ƙauye cewa an kusa gama kai amfanin gona rumbu, Bilal yana shirin tasowa.

Tun ranar da ya sauke itace daga bayan motar, Hudu yake hango kansa riƙe da sitiyarin mahaifinsa, yana shiga ƙauyen da Inna. Ya haɗiye wannan. Ya aika a kira masa Rayhana.

Rayhana ta iya tuƙi, amma a motar mijinta mai canja giya da kanta. Kuloci ba ta taɓa taka shi ba. Kullum in ta taso daga aiki sai su tafi wani fili a bayan gari. Ranar farko motar ta yi ta tsalle kamar ɗan maraƙi tana mutuwa. Hudu bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ce mata ta saki kuloci yadda take kwantar da jariri mai barci, a hankali, ba ta zare hannu sai ta ji ya zauna. Da wannan ta gane. Da hannunta ya faɗa, sai ya kai ta wani kwari mai yashi, ya koya mata dokarsa: a shiga da giya ta biyu, kada a taka birki, kada a yi fargaba in sitiyari yana rawa. In kuma mota ta kafe aka samu ta tashi, to kada ta tsaya sai ta ji ƙasa mai tauri a ƙarƙashin taya, ko wa ya kira ta.

Da Ummu Salma ta kai wa Inna labarin sabon direba, sai ta sa aka kira Rayhana, ta dube ta sama da ƙasa.

“Ke da in za ki yi mini allura hannunki rawa yake, ke ce za ki ja motar marigayi?”

“In kina tsoro, tsohuwa, ki zauna. Ni sai in je in gaida Hassana, dama ta fi ki kyau.”

Inna ta ce a ɗauko mata akwatinta.

Suka tashi da hantsi. An loda tsaraba a baya: turmin atamfa, sabulu, goro, daddawa da ɗan buhun shinkafa. A kan buhun Malam Hudu ya zauna, ya danne hularsa, ya kama ƙarfe. Inna tana gaba a kujerarta tana fuskantar jikarta, tun kafin a fita layi ta fara yi mata gyaran tuƙi. Masu keke-napep suna wucewa suna ɗaga wa Hudu hannu. Manu ya fito bakin shagonsa, ya ce duk Gumel ba a taɓa yin karen mota mai furfura irin wannan ba, Allah ya kiyaye hanya.

A kan titi tafiya ta yi daɗi. Gonaki sun yi fili, dammunan gero jingine da juna, shanu sun shiga kiwon kara. Hudu yana sauraron injin, bai ji abin da ya dame shi ba. Lokaci-lokaci yakan sunkuyo ta tagar direba ya ce a sa giya ta uku, ko a rage wuta ga rami. Da abin ya yi yawa, Rayhana ta leƙo ta ce Inna ta ce a gaya wa wancan ya bar yarinya ta yi aikinta.

Bayan Ɗanzomo suka saki titi. Rayhana ta sa giya ta biyu ta shiga yashi, motar tana lilo tana ci gaba. Sun yi nisa sosai kafin su iso wani gangare inda amalanken shanu suka haƙe hanya. Nan tayoyin baya suka nutse, injin ya yi gurnani, mota ta tsaya cak.

Hudu ya sauko. Ya rage wa tayoyin iska, ya naɗe hannun riga ya tone yashin da hannu, ya kwaso karan gero daga gonar gefe ya shimfiɗa a gaban kowace taya. Ya tuna wa Rayhana jariri mai barci, ya koma baya ya sa kafaɗa. Tayoyi suka watsa masa yashi a fuska, motar ta yi gaba ta dawo, ya ƙara dannawa, sai ta haye karan ta tafi. Ya bi ta da gudu yana miƙa hannu zai kama ƙarfe, hularsa ta faɗi, kafin ya ɗago ta yi masa nisa. Ya buɗe baki zai yi kira, sai ya tuna dokar wa ce. Yashin kuwa dogo ne, babu ƙasa mai tauri a kusa. Yana tsaye yana kallo farar motar ta shige bayan kalgo.

Ya kakkaɓe hularsa ya kama hanya a ƙasa, yana bin sawun tayoyin. Sawun bai karkace ba ko kaɗan, wannan ya faranta masa rai. Can wani mai amalanken shanu da ya ɗauko kara ya cim masa, ya ce hau mana Baba. Shanun ba su san gaggawa ba. Sai gab da azahar suka shiga ƙauyen.

Ya tarar da motar a gindin tsamiya a ƙofar gidan Hassana, Rayhana tana zaune a kan matakalar Inna tana jiransa. Ta taso tana ba shi haƙuri. Ta ce ta hango shi a madubi, ta ce wa Inna sun bar Baba. Inna ta tambaye ta me ya ce mata, ta ce ya ce kada ta tsaya. Inna ta ce to ta ji maganar ubanta. Amma idon tsohuwar bai bar madubin gefenta ba har suka sha kwana. Ƙasa mai tauri kuwa ba su same ta ba sai a bakin gari, Rayhana kuma ta ji tsoron komawa cikin yashin ita kaɗai.

Ya tambaye ta yadda haɗuwar ta kasance. Ta ce Hassana tana zaune a tsakar gida, da ta ji ƙarar sanda da sallama sai ta miƙe ba wanda ya kama ta. Ta lalubi fuskar Inna da tafin hannu biyu, ta ce mata kin tsufa. Inna ta ce ke da ba kya gani ina kika sani. Daga nan suka rungume juna, matan gidan suka yi ta share hawaye. Hudu ya sa ta sake faɗa masa daga farko.

Ya yi sallama ya shiga. Tsofaffin biyu suna kan tabarma ɗaya a inuwar rumfa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Hassana ce ta yaye shi, a hannunta ya yi ƙuruciya, ita babu kunya tsakaninta da shi.

“Hudu ne? Matso nan, Hudu, ɗan albarka.”

Ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa, ta shafo gemunsa, ta ji yashi. Ta yi dariya ta ce wato shi ya gyara mota, mota ta gudu ta bar shi. Ta juya wajen 'yar'uwarta ta ce, “Husaina, ke ba za ki ce komai ba?”

Inna ta kau da kai tana kallon danga. Ta ce wa Rayhana ta kai ruwa zaure, akwai mai bukatar wanke ƙafa. Sannan ta tura wa Rayhana kwanon furar da aka dama mata tun isowarsu, wadda ko murfin ba ta ɗaga ba, ta ce a haɗa da wannan. Ta ƙara da cewa a gaya wa masu mota ita ba yau za ta koma ba, tana nan sai ranar da Bilal ya zo.

Hudu ya tashi ya koma zaure. Ya wanke ƙafafunsa, ya jingina da bango, ya buɗe kwanon. Furar ta sha nono, har da sauran sanyinta. Yana cikin sha ya jiyo dariya daga cikin gida, ta tsohuwa, mai tsawo har da tari. Ya tsaya da ludayi a hannu yana saurare, ya kasa gane ko ta wace ce a cikinsu.